'Yata tana rubuta littafi a waya da sunan da ban san shi ba

Anti, barka da aiki. Ni uwa ce a Zariya, 'ya'yana biyar. 'Yar farina shekararta 16, tana aji biyu na babbar sakandare. Bara mahaifinta ya saya mata waya saboda darussan da malamai ke turowa. Yarinya ce shiru-shiru, daga boko sai Islamiyya sai ɗaki. Ranar Asabar ta tafi hadda ta bar wayar a caji ba ta kulle ba, na ɗauka. Ashe littafi take rubutawa da wani suna da ban taɓa ji ba, har ta kai shafi na 23, tana sakawa a Wattpad, manhajar karanta labarai, da wani guruf na WhatsApp mai mutum fiye da 300. Tana da TikTok ma, ba ta nuna fuska, murya kawai take ɗorawa a kan hoton ruwan sama. Ta ce musu shekararta 20, wai 'yar jami'a ce. Labarin na wata yarinya ne da uwarta ba ta taɓa kiran sunanta ba, ba ta taɓa tambayarta abin da ke damunta ba, kuma har da soyayya a ciki. Anti, ni ce uwar nan, har yadda nake ɗaura ɗankwali ta rubuta. Sannan akwai wani mutum da ya ce shi furodusa ne, ya tura mata data da naira 5,000, yana neman hotonta ba hijabi wai na bangon littafi. Ba ta tura ba tukuna, ta ce masa sai ta yi tunani. In babanta ya ji, wayar zai fasa, ina kuma tsoron ya ce karatun ya isa haka. Ban ce mata komai ba, amma ko kallonta ba na iya yi. Yaya zan yi?

Uwa mai damuwa, Zariya

'Yar'uwa, Allah ya sanyaya miki zuciya. Na cire sunan alƙalamin da sunan littafin daga wasiƙarki, don kada wani ya je ya nemo yarinyar. Abu biyu kika haɗa a kwano ɗaya, kuma wanda ya fi yi miki zafi ba shi ne ya fi gaggawa ba. Littafin zai iya jira mako guda. Mutumin nan ba zai iya jira gobe ba, don haka da shi zan fara.

Babu bangon littafin da ke buƙatar gashin marubuciyarsa. Ki shiga kowane shagon littattafai ki duba, ki ga ko akwai wanda aka manna hoton mai shi kai ba ɗankwali. Mai shirya fim na gaskiya yana da ofis da suna da finafinan da za a nuna a ce nasa ne, in kuma labarin yarinya ya burge shi, gidan ubanta zai nema. Wanda ya fara da data, ya biyo da 5,000, ya ƙare da neman hoto, tsani yake hawa, kuma matakalan sanannu ne. Kyautar farko don ta ji nauyinsa ce. Hoton farko, ko da gashi kawai ya nuna, shi ne igiyar da zai ɗaure ta da ita, domin daga ranar zai iya cewa ko ta ƙaro wani ko ya tura wa babanta wannan. Yarinyar da tsoron ubanta ya fi tsoron komai sai ta ƙaro, na biyu ya fi na farko muni, haka har abin ya fi ƙarfinta. Wannan sana'a ce da ake ci da ita. A watan Yulin 2024 kamfanin Meta, mai Facebook da Instagram da WhatsApp, ya sanar da rufe shafukan Instagram kusan 63,000 a Najeriya saboda irin wannan cinikin na karɓar hoton tsiraici a koma barazana da shi. In ya ce mata ta turo irin hoton da ake buɗewa sau ɗaya ya ɓace, ta sani wata wayar kawai zai ɗauka ya ɗauki hoton abin da ya fito a fuskar wayar tasa.

Ki lura da amsar da ta ba shi. Sai ta yi tunani. Yarinyar da aka ba kuɗi aka yabe ta aka yi mata alƙawarin fim, ta tsaya ta ce sai ta yi tunani, tarbiyyarki ce ta yi magana a wurin. Ki riƙe wannan a ranki lokacin da za ki zauna da ita, zai rage miki kaifin harshe.

Abin yi a kansa gajere ne. Ku ɗauki hoton duk hirar tasu da lambarsa da shaidar kuɗin da ya turo kafin a goge komai, ki ajiye a wayarki. A mayar masa da kuɗinsa daga asusunki ko na wani babba, don kada ya rage da abin gori. A toshe shi, a cire shi daga guruf. In ya dawo da wata lamba yana barazana, a kai shaidar ga 'yan sanda ko hukumar yaƙi da safarar mutane ta NAPTIP, kada ki tsaya cacar baki da shi.

To ta ina ya samo ta? Ta guruf ɗin. A guruf na WhatsApp duk wanda ya shiga yana ganin lambar kowa, kuma mahaɗin shiga yawo yake yi daga hannu zuwa hannu. Cikin mutum 300 ɗin nan da take ɗauka 'yan mata ne masu son karatu, akwai gardawa da suka sa hoton fure da sunan mace. Tun 2023 WhatsApp ya fito da abin da ake kira tasha, inda mai ita ke saka rubutu masu bibiya su karanta ba tare da sun ga lambarta ba. In za ta ci gaba, can ya kamata ta koma.

Ƙarin shekarun da ta yi ma yana da illa da ba ta sani ba. TikTok ba ya karɓar wanda bai kai 13 ba, kuma yana da shinge ga waɗanda ba su kai 18 ba. Tun 2023 yake tsayar da su bayan minti 60 a rana sai sun saka lambar sirri, ba ya barinsu su yi shiri kai tsaye, 'yan ƙasa da 16 kuwa ko saƙon sirri ba a ba su dama. Duk wannan ya dogara ne da ranar haihuwar da mutum ya rubuta. Da ta ce ita 'yar 20 ce, da hannunta ta cire shingen. Akwai kuma tsarin da ke haɗa shafin uwa da na 'ya, ki iya iyakance wanda zai tura mata saƙo. Wannan sai da saninta ake yinsa, kuma haka ya fi.

Yanzu mu zo kan abin da ya hana ki barci, domin na san ba furodusan ba ne. Ɗankwalin ne.

Na koyar a makarantar 'yan mata ta kwana shekaru masu yawa, tun kafin wayar hannu ta shigo. Abin da muke kamawa a lokacin ƙananan littattafan soyayya ne na kasuwar Kano, a cusa cikin littafin lissafi, yarinya ta duƙufa kamar mai shirin jarrabawa. Na ƙwace da yawa, ba na musu. Amma wanda ya tsaya mini a rai wani littafin rubutu ne mai ganye 60, an cika shi da biro shuɗi har bangon baya, gefensa ya yi baƙi saboda hannuwan da ya bi. Wata ɗaliba ce ta rubuta, yarinyar da in ka tambaye ta a aji sai ta sunkuyar da kai. A bangon ta sa wani suna na ƙawa wanda ba nata ba. 'Yan ɗakinsu har layi suke bi, wasu na rubuta mata a gefe da jan biro cewa don Allah kada ta kashe wance. Na kai wa shugabar makaranta, aka yaga shi a gaban taron safe. Sai daga baya wata ƙawarta ta gaya mini labarin na wata marainiya ce a hannun matar uba, kuma mahaifiyar yarinyar ta rasu tana aji ɗaya. Ban karanta ko shafi guda ba kafin in miƙa shi. Har ta gama makaranta ba ta ƙara haɗa ido da ni ba, kuma har yau in na tuna sai in ji ba daɗi.

Abin da 'yarki ke yi ke nan, takarda ce kawai ta koma waya, jan biron gefe ya koma sharhin masu karatu. Mu ma da muke tasowa muna da dandali. A waƙar gaɗa yarinya kan faɗi abin da ba za ta iya faɗa a tsakar gida ba, ta yi habaici ga kishiyar uwa, ta ambaci saurayin da take so da wanda ba ta so, a tafa a wuce, manya na ji suna yi kamar ba su ji ba. Dandalin nan ya mutu a yawancin birane, mun rufe su a gida saboda tsoron zamani, kuma tsoron yana da dalili. Amma buƙatar ba ta mutu ba. Yarinya 'yar 16 tana son ta gwada murya ta ji yadda za ta fita, ta san ko ita wace ce in ba a kira ta 'yar wane ko yayar su wane ba.

Sabon sunan ma kada ya firgita ki da yawa. Bahaushe bai taɓa rayuwa da suna ɗaya ba. Akwai na yanka, akwai wanda kaka ta laƙaba, akwai na ƙawaye, in ta yi aure dangin miji su ba ta wani, in ta haihu ta koma Maman wane. Duk waɗannan wasu ne suka zaɓa mata. Na alƙalamin nan shi kaɗai ta zaɓa da kanta, shi ya sa take ji da shi. Ki kuma duba yadda ta yi. Ta ɓoye fuskarta, ta ɓoye gidanku, ta sa ruwan sama a madadin kanta. Ba irin masu rawa a gaban kyamara ba ce da suka sa Hisbar Kano ta shiga kamen 'yan TikTok. Mai kunya ce da ta samo hanyar magana ba tare da an gan ta ba.

Ki yi haƙuri da abin da zan faɗa. Kin ce uwar cikin labarin ba ta kiran sunan 'yarta. A wasiƙarki ke ma ba ki kira shi ba, kuma na san dalili, kunyar 'yar fari ce. Haka aka yi mana, haka muka yi. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, in yana kuka ta kau da kai har wata ta ɗauka. A da wannan kara ba ta cutar da yaro sosai, domin gidan cike yake. Akwai kaka da ke shagwaɓa shi tana kiransa mijinta ko kishiyarta, akwai gwaggo, akwai innar da aka ba riƙo. Abin da uwa ta ɓoye, su suke bayyanawa a madadinta, yaro ya taso ya gane shirun nan ma so ne. Yau kuna zaune a gida mai ɗaki uku da get, kaka na ƙauye, gwaggo na Abuja. Karar tana nan, masu fassara ta sun watse. Yarinyar tana ganin kina rungumar ƙannenta, ita kuma sai “ke, zo ki ɗora tukunya”. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma furodusan nan tsagar ya gani. Mutum 300 suna kiranta da suna kullum, suna cewa Allah ya ƙara basira, suna roƙon ta ƙaro shafi.

Ban ce ke muguwar uwa ce ba, kuma ban yarda labarin hotonki ne sak ba. Mai rubutu kan ɗauki ɗankwalin uwarta ta ɗaura wa wata, ta ƙara gishiri don masu karatu su yi kuka. Amma wanda bai damu da ke ba ba zai san yadda kike ɗaura ɗankwali ba. Shekara nawa ta yi tana kallonki har ta haddace?

Game da soyayyar da ke ciki, sai kin karanta za ki san irinta. In ta kallo da murmushi da saƙon waya ce, wannan shekarunta ne. In kuwa ta gangara ga batsa, ki tsaya a kai ba sassauci, domin a kasuwar littattafan waya akwai masu tura yara can. Tsarin shi ne a saki shafukan farko kyauta, in labari ya ɗau zafi a ce sauran na kuɗi ne, a biya ta banki ko da katin waya, kuma wasu sun gano batsa ta fi saurin kawo ciniki. Masu karatu da kansu kan matsa wa marubuciya wai ta ƙara yaji. Yarinyar da ta ce ita 'yar 20 ce za a matsa mata kamar 'yar 20. Ki gaya mata cewa abin da ba za ta iya karanta miki da baki ba, kada ta rubuta shi.

Fasa waya kuwa an gwada irinsa a babban mataki. A 2007 gwamnatin Kano ta Malam Ibrahim Shekarau ta ƙona littattafan soyayya a bainar jama'a, ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu. Rubutun bai tsaya ba, bayan 'yan shekaru ma ya koma waya inda ashana ba ta kaiwa. In kuka fasa tata, ƙawarta na da wata, a can za ta ci gaba, furodusan ma zai same ta a can, ku ne kawai ba za ku ƙara sanin komai ba. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, ranar da aka saya mata waya aka buɗe wannan ƙofar.

Ki zauna da ita yau ko gobe, lokacin da ƙannen suka yi barci. Kada ki yi mata tarko, irin na “akwai abin da kike ɓoye mini?”, domin za ta yi ƙarya, sai laifin ya zama biyu. Ki faɗa mata kai tsaye cewa kin ɗauki wayarta ranar Asabar kin gani. Za ta ji kamar an yaye mata zane a kasuwa, wataƙila ta yi kuka, wataƙila ta yi fushi. Ki bar ta. Kina da haƙƙin duba wayar 'yar 16, amma ki amsa cewa kin san abin da ciwo. Ki fara da mutumin, ki nuna mata tsanin da na zayyana miki, ki ce mata kin ji daɗi da ba ta tura ba. Sannan ki yi mata alƙawari guda wanda dole ki cika, cewa duk ranar da wani ya yi mata barazana da wani abu, ko da ita ce ta yi kuskuren, in ta zo wurinki ba za ki fara da duka ba. Duk ƙarfin irin waɗannan mutane yana kan tabbacin da suke da shi cewa yarinya ba za ta iya gaya wa gida ba.

Sharuɗɗan kaɗan ne, kada ki tsawaita. Ta gyara shekarunta, ta daina cewa 'yar jami'a ce. Ba hoto, ba lamba, ba sunan unguwa ko makaranta. Kuɗi ko kyauta daga baƙo sai ta hannunki. Waya ta kwana a ɗakinki, musamman da jarrabawar fita ke tafe baɗi. In ta kiyaye waɗannan, ta yi rubutunta.

Mahaifinta kuwa ba zan ce ki ɓoye masa ba. 'Yarsa ce, kuma ranar da ya ji a bakin wani, ke da ita duka za ku shiga uku. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kin fi ni sanin lokacin da ake tunkararsa. Ki bari sai kun rufe maganar furodusan, sannan ki kai masa labari a gyare, cewa wani ya nemi ya yaudari 'yarmu ta ƙi, mun toshe shi, ga kuma baiwar da Allah ya ba ta. In kina ganin zai hau sama, ki sa wanda yake jin nauyinsa a zaman, mahaifiyarsa ko yayarsa ko malamin Islamiyyar yarinyar. Za ki iya tuna masa cewa Nana Asma'u 'yar Shehu Ɗanfodiyo ta yi waƙoƙi da Hausa da Fulatanci da Larabci, da su aka karantar da mata a ƙauyuka ta hannun jajis, wato matan da ta horar su je su koyar. A nan Zariya kuma kamfanin ɗab'in littattafai na NNPC ya buga So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed a 1980, wanda ake ɗauka littafin ƙagaggen labari na farko da mace ta wallafa da Hausa, kuma labarin soyayya ne. Tun 2016 Sashen Hausa na BBC ke shirya gasar Hikayata ta gajerun labarai don mata zalla. Uba kan sauko in ya ga abin yana da gaba mai mutunci. Cire ta daga makaranta saboda wannan kuwa, ki tsaya da ƙafarki ki roƙe shi, hukunta yarinya ne a kan tarkon da ta tsallake.

Akwai aiki guda da ba wanda zai yi miki. Ki nemi izininta ki karanta shafi 23 ɗin nan daga farko, a natse, ba irin karatun ranar Asabar da hannu ke rawa ba. Inda ta yi kyau ki faɗa mata, inda ta kwafi salon wasu ko ta cika Turanci ba dalili ki faɗa mata, marubuci ya fi son mai gyara da mai shiru. Kada ki kare kanki a kan uwar cikin labarin. Ki tambaye ta kawai, wannan matar me ya sa ba ta kiran sunan 'yarta? Ki ji amsar da za ta bayar. In ta ce ba ta sani ba, sai ki ba ta labarin yadda taki uwar ta yi da ɗan farinta, da ranar da aka haife ta ita kanta, da wanda ya hana ki ɗaukarta a gaban mutane. In har yanzu bakinki ya ƙi furta sunan yankan, ki fara da na alƙalamin, ba wanda ya ɗora miki kunyarsa. Ki rubuto mini bayan kun yi zaman, musamman in mutumin ya sake ɓullowa.

Taki,
Anti